Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Bauchi: kada katin allurar HPV ya zama sharaɗin shiga aji

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Bauchi, da shugabannin kwamitocin lafiya da na ilimi na Majalisa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna roƙon Allah Ya yi muku jagora a amanar da jama'a suka ɗora muku.

Ranku ya daɗe, mu ma'aikatan lafiya ne a matakin farko: masu yin allura, masu kula da firjin rigakafi, ungozomomi da masu riƙe rajista. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata shawara da muke yawan ji a bakin mutanen kirki, har da abokan aikinmu, wai a kafa doka ta yadda yarinyar da ba ta nuna katin allurar HPV (rigakafin sankarar bakin mahaifa) ba ba za a karɓe ta a makaranta ba, ko kuma ba za ta wuce ƙaramar sakandare ba. Masu wannan ra'ayi sun ga abin da sankarar bakin mahaifa ke yi wa mata, tausayi ne da takaici ke sa su faɗin haka. A kan allurar muna tare da su ɗari bisa ɗari. A ƙofar makaranta muka rabu. Duk ranar da irin wannan shawara ta zo gabanku, muna roƙo ku ɗora tilas ɗin a kan gwamnati, ku bar yarinya ta shiga ajinta.

Ciwon ba ƙarami ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da shi a Najeriya a shekarar, kusan 8,000 kuma suka rasu. Abin da ke sa mutuwar ta yi yawa haka shi ne latti. Mace 'yar shekara arba'in da wani abu za ta fara ganin jini bayan saduwa da maigida, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'adar ta ɗauke mata gaba ɗaya. Sai ta ɗauka istihala ce ta nemi fatawa, ko a ce mata sanyi ne, ta shiga jiƙe-jiƙe da sayen magani a kemis. Ba ta zuwa asibiti sai ruwa mai wari ya fara hana ta shiga mutane, ta daina zuwa biki da suna. A lokacin ciwon ya riga ya taɓa mafitsara ko hanji, tiyata ba za ta yi ba, sai gashi da na'ura, na'urorin kuma 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan, sau da yawa sai an bar jiha an je an bi layi.

Kusan dukkan wannan sankara daga ƙwayar cutar HPV take fitowa. Ire-irenta sun haura ɗari, amma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma yawancin magidanta maza da mata sukan gamu da ita a wani lokaci ba su sani ba. A jikin mutum tara cikin goma, garkuwar jiki kan share ta cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wadda ta maƙale wa kuwa, sai ta yi ta ɓata fatar bakin mahaifa a ɓoye, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ga mai ɗauke da HIV tafiyar ta fi sauri, shekara 5 zuwa 10, haɗarin kuma ya ninka har sau shida.

Uban da ke cewa 'yarsa mai tarbiyya ce, me za ta yi da allurar ciwon da ake ɗauka ta saduwa, ya cancanci amsa ta mutunci. Yarinyar da ta kai mutuncinta ɗakin miji tana iya samun ƙwayar a wurin mijin. Shi kuma ya samo ta a wurin matar da suka rabu, ita ma ta samo a wurin mijinta na fari. Duk aure ne na halal, babu wanda ya aikata alfasha, kuma namiji ba ya ganin wata alama a jikinsa. A inda ake zama da kishiya, ake zawarci ake sake aure, haka ƙwayar ke zagayawa cikin gidajen mutunci. Ciki da wuri da yawan haihuwa kuma suna ƙara haɗarin.

Allurar da ake yi a Najeriya ita ce Gardasil, mai kare iri huɗu: 16 da 18 masu sa sankara, da 6 da 11 masu sa tsiro a al'aura. Babu ƙwayar cuta mai rai ko matacciya a cikinta. Kwaikwayon ɓawon ƙwayar ne kawai, wanda ake samarwa a cikin yis irin na burodi, jiki ya gan shi ya haɗa garkuwa. Rabin mililita ake yi a tsokar damtse, sau ɗaya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince allura ɗaya ta wadatar wa 'yan mata masu wannan shekaru, bayan bincike da suka haɗa da na Kenya, wanda ya nuna kariya sama da kashi 97 cikin ɗari daga maƙalewar iri 16 da 18. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa aka ware 'yan shekara 9 zuwa 14, kafin aure, a lokacin da jiki ya fi karɓarta. A Ingila an ga sankarar ta ragu da kashi 87 cikin ɗari a cikin matan da aka yi wa suna 'yan 12 zuwa 13. Bauchi tana cikin rukunin farko da aka fara yi wa a ranar 24 ga Oktoba 2023, maƙwabciyarmu Gombe ta bi a rukuni na biyu a watan Mayun 2024. Kyauta ce. Ministan Lafiya a lokacin, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya faɗa a bainar jama'a lokacin ƙaddamarwa cewa 'ya'yansa mata huɗu duk an yi musu.

Maganar hana haihuwa kuwa, kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai bin diddigin lafiyar rigakafi ya duba ta bai sami wata alaƙa ba, allurar kuma tana hannun duniya tun 2006, waɗanda aka fara yi wa sun yi aure sun hayayyafa. Abin da ke hana haihuwa tabbas shi ne ciwon kansa, domin maganinsa cire mahaifa ne ko gashin da ke kashe ƙwan mace.

To, tunda allurar tana da kyau haka, me ya hana a tilasta?

Dokar hana shiga aji tana da ma'ana a kan ciwo irin ƙyanda, wanda yaro ɗaya zai yi tari a aji ya harbi kusan duk wanda ba a yi wa rigakafi ba. A nan hukuma na da hujjar cewa tana kare sauran yara. HPV ba ta bin iska, ba a ɗaukarta a benci ko a randar aji. Yarinyar da ba a yi wa ba ba ta cutar da ta kusa da ita da komai, don haka korarta horo ne zalla, horon kuma a kan wadda ba ita ta yanke shawara ba. Ko ƙasashen da suka tsaurara sun lura da wannan bambanci. Italiya a 2017 da Faransa a 2018 sun wajabta jerin alluran yara, amma ba su sa ta HPV a ciki ba. A Amurka, gwamnan Teksas, Rick Perry, ya ba da umarnin wajabta ta a 2007, majalisar jihar ta soke umarnin cikin 'yan watanni, rigimar kuma ta bar wa allurar tabon siyasa na shekaru. Jihohi kaɗan ne suka sa sharaɗin a can, a Bajiniya ma iyaye na da damar cewa a'a. Ostireliya, da ta fara tun 2007 kuma take gab da kawar da ciwon, ba ta hana kowa shiga makaranta a kan wannan allura ba. Ruwanda ta fara a 2011 ta kai sama da kashi 90 cikin ɗari ta hanyar kai allurar makarantu da bin waɗanda ba sa zuwa har gida.

Namu yanayin ya fi na waɗannan tsauri. Kun fi mu sanin cewa Bauchi tana cikin jihohin da yara marasa zuwa makaranta suka yi yawa, kuma 'yan mata ne abin ya fi shafa daga aji huɗu zuwa sama. Yarinyar da ta fi buƙatar allurar ita ce mai tallar goro da gyaɗa a tasha, da ta ruga, da wadda za a kai ɗaki tana 14 ko 15. Dokar ƙofar makaranta ba za ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, tunda ba sa zuwa ƙofar. Wadda za ta taɓa ita ce 'yar mutumin da da ƙyar mai unguwa da hedimasta suka shawo kansa ya bar ta ta yi boko. A ce masa ko allura ko ta zauna gida, ai an ba shi uzurin da yake nema. Garin neman gira a rasa ido ke nan: ba allura, ba karatu, sai aure da wuri, wanda shi kansa yana ƙara haɗarin ciwon. Ga kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Da wace fuska hukuma ɗaya za ta hukunta uba don bai kai 'yarsa makaranta ba, ta kuma kore ta idan ya kai ta? Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma, da ta ɗora wa iyaye alhakin rigakafi, a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyu ta yi magana.

Akwai kuma abin da duk wanda ya yi aikin shan inna ya sani. Inda aka matsa wa mutane, sai a sami shafa tawada a ɗan yatsa ba tare da ɗigo ya shiga baki ba: uba ya huta da hukuma, ma'aikaciya ta cika takardarta. Ranar da kati ya zama tikitin shiga aji, ranar za a fara sayar da shi. Rajista za ta nuna kashi casa'in, Abuja ta yaba mana, bayan shekara ashirin matan da ke riƙe da kati su zo da jini. Kati na bogi ya fi ƙin yarda muni, domin wadda ubanta ya ƙi mun san gidansu za mu koma, mai katin bogi kuwa ta ɓace mana har abada.

Tarihi ma bai goyi bayan tilas ba. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. A 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a gaba, suka dakatar da ɗigon shan inna saboda zargin hana haihuwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ba 'yan sanda ne suka gyara wannan ɓarna ba. Sarakuna ne da malamai, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, da mata masu bi gida-gida, har aka kai ga shelar kawar da cutar a Agustan 2020. A Oktoban 2017 jita-jitar cewa sojoji na yi wa yara allurar cuta ta sa iyaye a Kudu maso Gabas suka kwashe 'ya'yansu daga makarantu da rana tsaka. Allurar da ake yi wa mata kaɗai, 'yan gab da balaga, a makarantar boko, in aka ƙara mata kalmar dole, an haɗa wa mai jita-jita duk kayan da yake so. Tambayar me ya sa mata kaɗai tana da amsa, a kuma riƙa ba da ita: mata ne ke mutuwa da ciwon, allurar ba ta wadata a duniya ba, ƙasashen da suka samu hali irin su Ostireliya da Birtaniya suna yi wa maza su ma.

Makaranta dai ita ce wuri mafi sauƙi na samun yara da yawa a zama ɗaya, don haka a ci gaba da kai allurar can. Sai dai ranar allura a makaranta tana da tarko, kuma a nan shiri yakan rushe. Yara masu wannan shekaru suna suma. Tsoro ne da zafin allura da tsayuwa a rana da yunwa, ba abin da ke cikin kwalba ba. Yarinya ta fito gida ba ta karya ba, an jera su hamsin a filin taro kowa na kallon allura na shiga hannun ta gaba, ɗaya ta yanke jiki ta faɗi, uku su bi ta, wani ya ɗauki bidiyo, kafin azahar yana yawo a WhatsApp daga Toro zuwa Gamawa. Irin haka ta faru a garin Carmen de Bolívar na Kolombiya a 2014, ɗaruruwan 'yan mata suka yi ta faɗuwa, bincike bai sami laifin allurar ba, amma karɓarta ta faɗi ƙasa warwas. A Japan gwamnati ta janye ƙarfafa gwiwa a Yunin 2013 saboda rahotannin talabijin, karɓar allurar ta sauko daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1, ba a dawo ba sai Afrilun 2022.

Kauce wa wannan ba ya cin kuɗi sosai. A sanar da iyaye yara su karya kafin su fito. A yi aikin da safe, a cikin aji, ba a fili ba. A riƙa shigo da su biyar-biyar, a sa labule ko allo tsakanin mai jira da wadda ake yi wa, mace ce za ta yi allurar tunda sai an ɗage hijabi an buɗe damtse. A zaune ake yi, kuma kowace ta zauna minti 15 a inuwa a gaban malamarsu kafin ta tashi, da ruwan sha a kusa. Wadda ta ce tana jin jiri a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta. Dole kowace tawaga ta iya bambance suma da mummunan borin jini. Mai suma fuskarta kan yi fari, jiki ya yi sanyi da gumi, bugun jini ya yi ƙasa, in an kwantar da ita ta farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu. Mai borin jini jikinta kan yi ruɗu-ruɗu, leɓe da fuska su kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙara, bugun jini ya yi sauri ba ƙarfi, kwanciya kuma ba ta sauƙaƙa mata. Wannan na faruwa ƙasa da sau biyu a allura miliyan ɗaya, amma tawagar da ba ta da adiranalin, allurar ceton mai borin jini, wadda wa'adinta bai ƙare ba a jaka, da wanda ya iya yin ta a cinya nan take, da lambar mai mota, kada ta buɗe akwati. Ciwon hannu, ɗan kumburi, ciwon kai ko zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, a faɗa wa iyaye tun kafin su gani. Abin da aka gaya wa uwa jiya ba ya tayar mata da hankali yau.

Tarko na biyu sanyi ne, kuma akasin abin da ake zato. Kowa na tsoron zafin Azare da Zaki a watan Afrilu, alhali abin da ya fi kashe wannan allura shi ne daskarewa. Ana ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta daskare sau ɗaya, sinadarin da ke tayar da garkuwar jiki ya dunƙule, ta mutu, narkewa ba ya dawo da ita. Yadda abin ke faruwa shi ne ma'aikaci ya ciro ƙanƙara daga firiza da asuba yana sauri, ya jera ta a akwatin sanyi, ya zuba kwalabe a jikinta, ya hau babur. Ƙa'ida ita ce a bar robobin ƙanƙarar a kan tebur har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki, sannan a jera su, a sa kwalaben a tsakiya cikin leda, a rufe da soso. Tambarin da ke jikin kwalba, ɗan murabba'i a cikin da'ira, zafi kawai yake nunawa: in murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, a ajiye kwalbar gefe. Ba ya nuna daskarewa ko kaɗan. In ana zargi, sai a ɗauki kwalba ɗaya daga rukuni guda a daskarar da ita da gangan, a narkar, a girgiza ta tare da wadda ake zargi na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a gaban haske. Idan ta zargin ta kwanta da sauri daidai da daskararriyar, ta lalace. Firji kuma a rubuta ma'auninsa safe da yamma, har Asabar da Lahadi da ranar sallah. Duk wannan aikin mutum ne da ke buƙatar horo da kuɗin mai, kuma firjin sola da ya lalace a ƙauye yana buƙatar mai gyara da kasafi ya san da shi. Allurar da ta daskare ta fi rashin allura haɗari, tunda an ba yarinya kati an ce ta tsira.

Sai lissafi. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe ta 2006 ce, duk adadin da ake ba mu hasashe ne a kanta, shi ya sa wata mazaɓa kan nuna ta wuce ɗari bisa ɗari, wata kuma allura ta yi kwantai. Kafin kowane zagaye a sa masu unguwanni da hedimastoci da malaman Islamiyya su rubuta sunayen 'yan matan da suka kai shekara 9, gida-gida, a ƙara kashi 5 cikin ɗari na kwalabe da sirinji don ɓarna, da kwalin zubar da allura ɗaya ga kowane sirinji ɗari. Aji ba ya nuna shekaru a ƙauyukanmu, za ka sami 'yar 13 a aji uku, yawancinsu kuma ba su da takardar haihuwa, sai a kintata da abin da uwa ta tuna na shekarar. Gangamin 2023 na kwana biyar ne, ya wuce. Duk shekara sabbin 'yan tara suna tasowa, kuma ba kamar jarirai ba, babu abin da ke kawo lafiyayyar 'yar shekara 9 asibiti. In aka zauna jiranta a sha-ka-tafi, ba za ta zo ba.

Waɗanda ba sa boko suna nan a Islamiyya da yamma da kuma Asabar da Lahadi, a makarantun allo na mata, a coci a su Bogoro da Tafawa Ɓalewa da Dass, a kasuwa ranar cinta, a mashaya da ruga ta hannun arɗo. A ware musu ranaku nasu a cikin jadawali, kada su zama ragowar aiki in mai ya saura. Yarinyar da ke ɗauke da HIV tana buƙatar allura biyu aƙalla, uku in da hali, amma kada a kira ta ta biyu a makaranta a gaban ƙawayenta, tona asiri ne. A yi mata a asibitin da take karɓar magani. Wadda aka riga aka aurar a tambaye ta a keɓe, in tana da ciki a jinkirta sai ta haihu. Lokaci ma a zaɓa: ba cikin jarrabawa ba, ba tsakiyar damina da hanyoyi ke yankewa ba, ba lokacin girbi da aji ke zama fayau ba. Sanyin hunturu ya fi. A riƙa duba kalandar azumi, tunda yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. Malamai da yawa sun ce allurar tsoka ba ta karya azumi, amma mai azumi ta fi saurin suma.

Yardar iyaye ita ce ƙashin bayan abin duka, kuma takardar Turanci da aka cusa a jakar yarinya ba neman yarda ba ce. A sanar mako biyu kafin ranar, ta bakin hakimi da dagaci da mai shela, a huɗubar Juma'a da coci, a rediyo da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan jihar, takarda kuma a yi ta da boko da ajami. A kira taron iyaye maza daban, tunda a gidajenmu maganar uba ce ke yanke hukunci, a zo da kwalbar a miƙa musu su karanta, su yi tambaya har su gaji. A makarantun kwana a yi amfani da ranar ziyara. Wanda ya ce a'a a rubuta sunansa, kada a taɓa 'yarsa a bayan idonsa ko da ita tana so, kada a ci mutuncinsa, a koma masa tare da limaminsa ko wani uban da aka yi wa tasa. Da yawa daga masu ƙi jira suke su ga yadda 'yar maƙwabci za ta kwana, kuma tsakanin shekara 9 da 14 akwai damar komawa sau da dama. Yi wa yarinya ɗaya allura ba da sanin ubanta ba yana iya rufe mana unguwa guda.

Ranku ya daɗe, in doka za ku yi, ga inda take da amfani. Ku wajabta wa hukumar lafiya a matakin farko ta jiha da hukumar ilimin bai-ɗaya su kai allurar kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi da Islamiyya, aƙalla sau ɗaya a shekara, su koma bayan mako biyu saboda waɗanda ba su zo ba. Ku hana mai makaranta rufe wa tawaga ƙofa ba tare da ya tara iyaye sun ji da kunnensu ba, domin sau da yawa shi ke yanke hukunci a madadin ɗaruruwan gidaje. Ku ware layi na musamman a kasafi don mai, alawus, gyaran firji da adiranalin, ku kuma bi ku ga an saki kuɗin kafin ranar aiki, tunda tallafin ƙungiyoyin duniya irin su Gavi da UNICEF ba zai dawwama ba. Ku sa hukunci a kan karɓar kuɗi da sayar da kati. Ku rubuta ƙarara cewa ba za a kori yarinya ko a hana ta jarrabawa a kan allura ba, kuma duk wadda ta sami matsala bayan allura magani kyauta ne, a kuma faɗa wa jama'a sakamakon bincike cikin kwanaki. Tambayar kati lokacin ɗaukar ɗalibai ba laifi, in manufar ita ce a gano wadda ba a yi wa ba a tuntuɓi iyayenta.

Sannan ku nemi rahoto duk shekara a zauren Majalisa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duka 20, da adadin 'yan makaranta daban da na waɗanda ba sa zuwa daban, da adadin waɗanda suka ƙi da dalilinsu. Jimilla ɗaya ta jiha tana ɓoye Ningi da Warji a bayan birnin Bauchi.

Iyayen yaran nan kuma allura ta wuce su. Burin da duniya ta sa a gaba a 2020 shi ne nan da 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin su kai 15, a duba kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka ga matsala magani. Dubawar farko ba ta wuce shafa ruwan kal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa a jira minti ɗaya ba, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari, a ƙona wurin da ƙaramar na'ura mai batir a zama ɗaya. Ungozomar da aka horar tana iyawa. Muna roƙon a samar da wannan aƙalla a babbar cibiyar lafiya ɗaya ta kowace ƙaramar hukuma, da hanyar tura masu buƙatar ƙarin kulawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibitin tarayya da ke Azare, a kuma haɗa ranar duba iyaye mata da makon allurar 'ya'yansu. A shirye muke mu bayyana gaban kwamitocinku da akwatin sanyi da rajista, mu nuna muku kowane mataki da idonku.

Allah Ya taimake ku, Ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wasu ma'aikatan lafiya a matakin farko, Jihar Bauchi.